Ƙafar da Aka Raba wa Matattu

Fartanya ce ta sari yayata Perepetwa a ƙafar hagu, tana gyaran gindin ayaba a bayan gida. Ina wurin, ni ce riƙe da kwando. Ba wani sara ne na a zo a gani ba, ɗan tsagi ne tsakanin babban yatsa da mai bi masa. Ta zauna daɓas a ƙasa, ta dubi jinin, ta ce, "To, wannan na miƙa wa Dezi. Allah ya rage masa zafi."

Haka kowa yake faɗa a wajenmu. In ka yi tuntuɓe, ko mai ya fallatso maka a hannu, sai ka miƙa zafin ga wani naka da ya rasu, wanda kake zaton har yanzu yana Puligatori, inda ake wanke wa mamaci sauran dattin zunubi kafin a buɗe masa ƙofar sama. Dezi kuwa, wato mijinta marigayi Deziderio, duk ƙauyen ba mai zaton ya wuce kai tsaye. Mutumin kirki ne, amma shi da barasar ayaba sun riƙe wa juna amana har ranar da aka rufe shi.

Ba da wata manufa Yaya ta faɗa ba. Da mu biyu ne kawai, da na yi dariya, na ɗaure mata ƙafar, maganar ta wuce. Sai dai ɗanta Ponsiyano yana tsaye a bayanmu yana juya 'ya'yan kofin gona da aka shanya, shi kuwa ba ya barin magana mai kyau ta faɗi ƙasa a banza.

Ponsiyano ne shugaban 'yan cocin ƙauyenmu. Fada, wato limamin cocinmu, yana can gari, sai an jima yake zagayowa kanmu, don haka ranar Lahadi Ponsiyano ke tsayawa a gaba. Shi ke koya wa yara manyan zunubai bakwai da kyawawan halayen da ke maganinsu, a barandar gidansa, daidai ƙarƙashin tagar uwarsa. Ya iya su kamar sunayen 'ya'yansa. Kuma shi kaɗai ke da mota a ƙauyen, wata farar a-kori-kura da yake kai kofi birnin Masaka da ita.

Lahadin da ta biyo baya farkon Nuwamba ce, watan da muke yi wa matattu addu'a. Ya tsaya a gaba cikin farar riga, ya gyara murya.

"'Yan'uwa, ba sai mun je nesa neman misalin haƙuri ba. Ga shi nan zaune a cikinku. Mahaifiyata ta ji ciwo, ta ƙi magani, ta ce a bar mata zafinta ta fanshi mahaifina da shi."

Kowa ya waiwayo. Yaya ta sunkuyar da kai kamar amarya, ta mintsine ni a cinya.

"Roza, yaushe na ƙi magani?"

"Nima yanzu nake ji."

"Yaron nan ƙaryar ubansa ya gado. Bambancin kawai, shi ba sai ya sha ba."

Da aka tashi, mata suka kewaye ta suna durƙusawa suna gaishe ta. Ba zan ɓoye ba, Yaya mace ce mai son yabo. Ta ji daɗin ranar. A hanyar gida har ɗingishi ta ƙara fiye da yadda ciwon ya kai.

Ciwon bai rufe ba. Tana da ciwon suga, kowa a gidan ya sani. Ƙafar ta kumbura, takalmi ya daina shiga, bakin tsagin ya fara duhu. Na samu Ponsiyano yana wanke mota.

"Ponsi, ka kai uwarka asibiti."

"Ina kwana, Inna."

"Lafiya lau. Ka kai uwarka asibiti."

Ya matse tsumma, ya yi murmushin nan nasa na mai koyarwa. "Inna, in kin saka baiko a kwandon coci, kina mayar da hannu ki ɗauko?"

"Ƙafa ce, ba baiko ba."

"Gaggawa ƙanwar rashin bangaskiya ce. Bari watan ya ƙare mu ga ikon Allah."

Matarsa Makula tana gefe tana feraye ayaba. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Ga shi kuma kofi ya nuna. In aka kwantar da Mama, wa zai zauna jinya? Wa zai dafa wa masu tsinka?"

Na ce, "Ni zan zauna."

Suka dubi juna. Ponsiyano ya ce, "Ai ke ma kin manyanta, Inna. Kuma kin ga yadda ruwa ya cinye hanya."

Da yammar ranar, a kan hanyar da ruwa ya cinye, ya kwashi 'yan kwaya, mawaƙan coci, zuwa gasar waƙa a ƙauyen gaba.

Daga nan duk abin da Yaya ta nema sai a sa masa suna. Ta ce a sayo mata ƙwayar rage ciwo a shagon bakin hanya. Makula ta durƙusa a bakin gadon, da ladabinta da komai, ta ce, "Mama, in zafin ya ragu, me za a aika wa Baba?"

Yaya ta ce, "A aika masa da gaisuwa."

Ba a sayo ba. Ni na sayo, na ɓoye mata a ƙarƙashin matashi, Makula ta tsinto wajen gyaran gado ta kai wa mijinta. Ya zo ya zauna ya yi wa uwarsa wa'azi a kan mutumin da ya kama garma yana waiwaye.

Lokacin fara ne. A watan nan duk gidan da ka wuce ƙamshin suyarta kake ji. Suka soya faranti guda da albasa, suka zauna a baranda suna ci, ƙamshin yana shiga ta taga. Yaya ta ɗaga murya ta ce a sam mata.

Ponsiyano ya amsa da baki cike, "Mama, kwaɗayi ke nan. Kar ki ɓata ladanki a kan ƙwaro."

"Kai me kake taunawa, carbi?"

"Ni ina ci ne don in samu ƙarfin aikin Allah."

Washegari na ƙulle mata fara a bakin ɗamarata na shiga da ita. Ta ci tana lumshe ido, ta lashe yatsu, ta ce, "Wannan ba na kowa ba ne. Nawa ne ni kaɗai."

In ta yi nishi da ƙarfi, fushi ne. Ranar da ta kasa tashi ta taya Makula firar ayaba, ƙyuya ce ta fara shigarta. Da ta tambayi dalilin da aka kai mahaifin Makula gari yin tabarau ita aka bar ta, Ponsiyano ya girgiza kai ya ce bai taɓa zaton hassada za ta samu wurin zama a zuciyar uwarsa ba. Da ta ce a ɗauko mata rigarta ta zuwa biki saboda baƙi, girman kai ne.

Baƙi kuwa sun yi yawa, don labari ya bazu. Makula takan share tsakar gida tun da safe, ta shimfiɗa tabarmi, ta ɗora shayi. Mata suna zuwa da nonon ayaba, da ƙwai, wata har da kaza. Duk kicin ake wucewa da su. Abin da ke isa ɗakin Yaya shi ne buƙatunsu.

Wata gwauruwa da muke kira Maman Kiza ce ta fara. Ta durƙusa, ta yi ta kewaye-kewaye, can ta ce, "Maman Ponsi, in akwai ragowa, ki tuna da mijina Anatoli."

"Anatoli? Wanda ya matsar mana da iyakar gona?"

"Shi fa. Shi ya sa nake jin tsoro."

"Ai wannan sai ƙafa biyu."

Ɗakin ya kwashe da dariya, har da Maman Kiza. Amma ba ta tashi ba sai da Yaya ta ce ta ba Anatoli diddige. Daga ranar aka shiga rabo. Babban yatsa na Dezi ne, ba mai taɓa masa. Idon sawu aka ba uwar malamin makaranta. Wani mahauci da ya mutu bai shirya da ɗan'uwansa ba ya samu tafin ƙafa. Yaya tana kwance tana rabawa kamar mai rabon gado, tana tsokanar kowa, don in tana ba mutane dariya takan manta da ciwon na ɗan lokaci. Ranar da mutanen ƙauyen gaba suka zo da nasu sunayen, ta ce, "Kun makara, wuri ya ƙare. Sai dai ku jira ta kai gwiwa."

Suka yi dariya. Ponsiyano bai yi ba. Bayan sun tafi ya ce mata hana mabuƙaci rowa ce.

Ta jira ya fita, ta kama hannuna tana lissafi da yatsuna. "Kwaɗayi, fushi, ƙyuya, hassada, girman kai, yau ga rowa. Roza, saura ɗaya in cika. Sha'awa ce kaɗai ban yi ba, ita ma don ba ƙafar zuwa."

Na yi dariya har da hawaye. Da na ɗaga zanen don in wanke mata ciwon, dariyar ta tsaya. Duhun ya wuce idon sawu.

Wari ya fara. Makula ta samo turaren wuta irin na coci, tana kunnawa kafin baƙi su shigo, ta lulluɓe ƙafar da farin ƙyalle mai zanen gicciye. Wata mata ta fito tana faɗa wa mutane ɗakin ƙamshin tsarkaka yake yi. Ni da nake wanke ƙyallen na san ƙamshin da yake yi.

Ana cikin haka Ponsiyano ya tashi wata safiya da kumburarren kunci. Haƙori ne. Kafin shayinsa ya huce ya tayar da mota. Yaya ta ji ƙarar, ta kira shi ta taga.

"Ponsi, ina zuwa?"

"Wajen mai haƙori, Mama."

"Ba ka miƙa wa ubanka ba?"

Ya dafe kunci ya matso kusa da tagar. "Mama, kowa da baiwarsa. Ni ba a ba ni irin haƙurinki ba. Tawali'u shi ne mutum ya san iyakarsa."

Na fito da gudu, zanina yana kwancewa. "Tunda garin za ka, ga wuri a gaba. Mu ɗauko ta."

"Gaba Makula ce, za ta riƙe mini kai. Baya kofi ne. Kuma akwai masu zuwa ganin Mama da hantsi, tun daga nesa. Su zo a ce musu me?"

Ya ja mota. Na tsaya cikin hayaƙinta har ya baje.

Ranar na nemo ɗan acaba. Na ce ko a kan babur ne sai na kai ta. Muka ɗago ta mu biyu, ƙafar tana saukowa daga gado ta yi wata ƙara da ban taɓa jin irinta daga bakinta ba, ko ranar haihuwar Ponsiyano. Muka mayar da ita. Ɗan acaban ya ce, "Inna, wannan sai mota, a kwance." Ya tafi.

Da numfashinta ya daidaita, ta ce, "Ko da ya yiwu ma, ban san ko zan je ba."

"Saboda me?"

"In aka yi mini allura aka mayar da Dezi baya fa? Wataƙila ya kusa ƙofa. Yana miƙa hannu a ce masa, koma, matarka ta janye."

"Yaya, duk zamanku ke kike wanke wa mutumin nan kaya. Ya mutu ma ke za ki wanke shi?"

"Ya saba ne." Ta yi 'yar dariya, dariyar ta koma kuka. "Kuma ga su Anatoli. Na yi wa mutane alkawari a gaban jama'a."

"Ba ke kika tsaya gaban jama'a ba. Tsayar da ke aka yi."

Ta dubi rufin kwano. Can ta ce, "Ina son in warke, Roza. Na shuka wake a bayan kicin, ina son in ci shi. Wannan zunubi ne?"

"Ban yi makaranta mai nisa ba. Amma kullum ina jin yaran nan suna rera bakwai ɗin a baranda, ban taɓa jin wannan a ciki ba."

Nuwamba ta ƙare. Na koma wajen Ponsiyano na ce watan ya ƙare. Ya ce yanzu an shiga kwanakin jiran Kirsimeti, lokacin bege ne, mai bege kuwa ba ya garaje. Na ɗaura ɗamara na taka har gari, gidan Fada. Ba ya nan, yana zagayen ƙauyuka. Na bar saƙo wajen mai dafa masa abinci, na ce ta faɗa masa akwai tsohuwa da ake kashewa da ladabi.

Ya zo a kan babur ɗinsa, taɓo har gwiwa. Fada Sebunya, wani siriri mai ƙaramar murya. Ponsiyano ya tarbe shi da fara'a, ya sa a kama kaza, ya shige gaba yana ba shi labarin irin albarkar da ta sauka a gidan. Makula ta riga ta kunna turare.

Fada ya gaishe da Yaya, ya ce kowa ya fita, zai ji furcin zunubinta. Abin da aka yi a ciki ita ta faɗa mini da bakinta daga baya, ta ce nata ne, tana da ikon faɗa. Ta jero masa shida ɗin nan kaf. Sannan ta ce, "Fada, akwai babba. Na gaji da mijina. Ya fita ko kar ya fita, ni dai na gaji." Ya tambaye ta me take nufi. Ta nuna masa ƙyallen. Ya ɗaga.

Ya fito fuskarsa ta sauya. Bai ɗaga murya ba.

"Shugaba, ina makullin mota?"

"Fada, ai Mama ta riga ta miƙa..."

"Zafin da ba shi da magani shi ake miƙawa. Wanda yake da magani asibiti ake kai shi. Wa ya koya maka wannan?"

Ponsiyano ya sosa ƙeya. "Gaskiya, Fada, ko da na so, babu mai a motar."

Daga cikin ɗaki muryar Yaya ta fito, siririya amma sarai. "Ponsi, Fada ya ce aikin tuban da zan yi shi ne in je asibiti yau. Za ka hana uwarka tuba?"

Fada ya nemi guntun tiyo da galan. Ya durƙusa a gefen babur ɗinsa ya zuƙo mai da bakinsa, ya tofar, ya cika galan, ya miƙa wa Ponsiyano. Maƙwabta sun taru suna kallo. Aka sauke buhunan kofi, aka shimfiɗa katifa a bayan motar. Kazar da aka kama ta kuɓuce ta shige cikin ayaba, ba wanda ya bi ta.

A hanya Yaya tana kwance, kanta a cinyata, tana kallon sama. Ta ce, "Ashe haka motar nan take da daɗi."

Likitan ya ɗaga ƙyallen ya duba ƙafar. Sannan ya ce, "Ina kuke tun tuni?"

Ponsiyano ya ce, "Hanya ce, likita. Ruwa ya cinye ta."

Suka yanke ƙafar daga saman gwiwa. Da ta farfaɗo ta laluba zanen gadon da hannu.

"Roza, ina take?"

"Sun ɗauke ta, Yaya."

"To. Ta yi gaba ta dubo mini ko Dezi ya fita."

Matar da ke gadon kusa ta yi dariya har ɗinkinta ya yi mata ciwo. Ni ce na zauna jinya, ina dafa mana abinci a murhun bayan asibiti tare da sauran masu jinya. Yaya ta ce tana son gasasshen naman alade da shayi mai suga. Nas ta hana sugar. Naman na nemo mata a bakin titi, ta tsotsi yanka ɗaya ta ce ya yi, sai dai gishiri ya yi kaɗan. Ponsiyano ya zo sau ɗaya, ya yi addu'a mai tsawo da ƙarfi yadda duk ɗakin zai ji, ya ce kofi na jiransa.

Likitan ya kira ni gefe ya ce dafin ya riga ya shiga jini. Kafin Kirsimeti, wata safiya ina taje mata kai, tana yi mini faɗa wai hannuna ya yi nauyi, ta yi shiru. Na ci gaba da tajewa har na gama, don ba ta son a bar mata kai rabi.

Muka naɗe ta a ƙyallen ɓawon itace, muka haƙa mata kusa da Dezi a cikin ayaba. Ponsiyano ya kafa rumfuna, ya yi hayar lasifika. Mutane sun zo daga ƙauyukan da ban ma san sunansu ba. Fada Sebunya an tura shi wani wuri a makon, wani baƙon Fada ne ya yi mana Mas, wato sujadar jana'iza, bai san komai ba sai abin da aka faɗa masa.

Ponsiyano ya karɓi lasifika. Ya ce ya roƙi mahaifiyarsa, har da hawaye, ta bari a kai ta asibiti, ta ƙi. Ya ce ba ta taɓa cewa wash ba. Ya ce ta bar duniya ba ta nemi komai don kanta ba, kuma yana fata kowane gida a ƙauyen nan zai samu tsohuwa irinta. Mata suna gyaɗa kai suna share ido.

Na yi niyyar in yi shiru. An rufe ta, me ya rage? Sai na ji wata matar aure a bayana tana ce wa surukinta, wani tsoho mai suna Lawurensiyo, "Ka dai ji, Baba. Ita ko ƙwaya ba ta sha ba. Kai ɗan tari ka hana gida sakat."

Da aka ce dangin mamaciya su yi magana, na tashi. Ban taɓa riƙe lasifika ba, har sai da aka juya mini shi daidai.

Na ce, "Ni ce Rozaliya, ƙanwar Perepetwa, ciki ɗaya. An faɗi halayenta na kirki, ni zan faɗi sauran. Yayata makwaɗaiciya ce. Tana son fara, tana son naman alade, ta mutu tana neman shayi mai suga. Mafaɗaciya ce, maganarta ta ƙarshe faɗa ce. Tana son ado, tana son yabo. Ta ce wash, ta faɗa safe da yamma, turare ne ya hana ku ji. Ba ta ƙi magani ba. Ta nema, an hana ta. Ta ce mini tana son ta warke ta ci wakenta. In Allah ya karɓe ta, da waɗannan halayen ya karɓe ta, don ba ta da wasu. Haƙurin da ake faɗa kuwa ba nata ba ne. Na masu gidan ne, su suka yi haƙuri da ciwon da ba a jikinsu yake ba. Wanda yake da tsoho a gida, ya kai shi asibiti. Matattu suna hannun Allah, ya fi mu sanin yadda zai yi da su."

Ba wanda ya ce amin. Ponsiyano ya yi wa 'yan kwaya alama suka tayar da waƙa, aka zare lasifikar daga hannuna a hankali. Na ji Makula tana ce wa mata baƙin ciki ne ya taɓa ni, a yi mini uzuri.

Har yau Ponsiyano ne shugaba. Ranar Asabar yara suna zama a barandarsa suna rera bakwai ɗin, yana gyara musu inda suka yi kuskure. Ni dai na lura, duk zunubin da ya koyar, na wani ne. Duk halin kirkin da ya yaba, wani ne ya biya.

Amma a ranar jana'izar, ana wanke hannu za a ci abinci, tsoho Lawurensiyo ya dogaro sandarsa ya zo ya tsaya kusa da ni. Ya duba hagu da dama.

"Rozaliya, tarin nan nawa da jini yake fita."

"Tun yaushe, Baba?"

"An jima. Sai dai na riga na miƙa shi ga matata."

"Ka karɓo abinka."

"Ana karɓowa?"

"Ana karɓowa. Gobe da safe zan zo da ɗan acaba."

Ya yi ɗan nazari. Sannan ya ce, "Dama ita ba ta buƙata. Ta zauna da ni shekaru da yawa, ai ta gama nata wankin tun a nan."

Da na iso da safe ban ma kai gidan ba. Yana zaune a kan kututture a bakin hanya, ya sa kwat ɗinsa na zuwa coci, ya ƙulle kofin shayi da cokali a ɗankwali. Ya riga ni fitowa.